Yadda Ake Dasa Albasar Nerine Har Ta Yi Fure

A ƙarshen Satumba lambunan Ingila kan fara kaɗewa, ganye na zuba, yini na gajarta. Daidai lokacin ne za ka ga wasu sanduna sun ɓullo a gindin bango, kowace ɗauke da furanni ruwan hoda masu lanƙwasassun baki kamar an nannaɗe su da yatsa. Nerine ke nan. Shekara goma sha ɗaya ina dasa ta a ɗan filin bayan gidanmu a nan Ingila, kuma shekara ukun farko ganye kawai na yi ta kiwo, ko fure ɗaya ban gani ba. Laifina ne, na cika mata hidima. Na binne ta da zurfi, na ɗura mata taki, na yi ta tone ta ina sauya mata wuri. Wannan shukar ba ta son ko ɗaya daga cikin ukun.

Asalinta kudancin Afirka ne, kuma dangin albasar kwaɗi ce da gadalin da muka sani a gida. Iri biyu aka fi sayarwa, kuma dole ka san wanda ke hannunka kafin ka taɓa ƙasa. Nerine bowdenii ta fito daga gabashin Afirka ta Kudu, har kan tsaunukan Drakensberg, inda ruwa ke sauka lokacin zafi, hunturu kuma ya zo a bushe da sanyi. Ita ce mai jure sanyin Turai a fili, kuma a kanta wannan bayani ya tsaya. Nerine sarniensis kuwa daga yankin Kef ta Yamma take, inda ruwa ke sauka da hunturu, don haka komai nata a juye yake. Zan taɓo ta daga baya. Watannin da zan ambata na Turai da Arewacin Amurka ne. Wanda ke Afirka ta Kudu ko Ostareliya ya ƙara wata shida a kan kowanne.

Kayan da za ka tanada

Albasar nerine, aƙalla biyar. Ɗaya ko biyu ba sa cika ido.
Tsakuwa ƙanana, irin mai kaifi-kaifi, kamar girman ƙwayar dawa zuwa ta masara. Buhu ɗaya ya isa ƙaramin wuri.
Yashi mai gautsi. Ban da lallausan yashin shafe, yana toshe ƙasa.
Ruɓaɓɓen ganye ko takin gargajiya da ya daɗe da hucewa, ɗan kaɗan.
Babban cokali mai yatsu na tonon lambu, da ƙaramin shebur na hannu.
Safar hannu, domin ruwan jikin albasar yakan sa wasu ƙaiƙayi.
Butar ban-ruwa.
Takin tumatir na ruwa. In babu, tokar itace.
Tukunyar ƙasa mai huji a gindi, ga wanda ba shi da fili.
Ƙaramin allo ko sanda ta alama.

1. Zaɓen albasa

Daga Fabrairu zuwa Afrilu ake samunta a shagunan kayan lambu. Ɗauki kowace ka matsa ta a tafin hannu. Mai kyau tana da tauri da nauyi, doguwar wuya gare ta, an lulluɓe ta da busasshen ɓawo kamar takarda. In ta lotsa, ko ka ga furfura a gindinta, ko ta yi sakayau kamar ba komai a ciki, ajiye ta. A jikin leda akan rubuta 12/14 ko 14/16. Kewayen albasar ke nan da santimita. Ɗauki manya. Ƙananan da ake zubarwa a farashin banza a ƙarshen kakar sayarwa za su rayu, amma sai ka jira shekara biyu ko uku kafin su kai girman fure. Araha ba ta ado.

In kana da maƙwabci mai tsohon curin nerine, roƙe shi ya ɓantaro maka. Wadda aka tono da saiwarta ɗanya ta fi ta shago saurin kama ƙasa nesa ba kusa ba.

Wani gargaɗi tun kafin a je lambu: wannan albasar guba ce, ba a ci. Wata shekara na shigo da su cikin jakar takarda na ajiye a kan teburin kicin na fita sallar Juma'a. Da na dawo na tarar da ƙanwar maiɗakina, wadda ta zo mana hutu, ta ɓare biyu ta ɗora a katako, wuƙa a hannu. Ta ce, "Yaya, wace irin albasa ce wannan kuka sayo, ba ƙamshi ba hawaye?" Allah ya tsare ba ta kai tukunya ba. Tun daga ranar a rumfar bayan gida nake ajiye su, sama inda hannun yara ba ya kaiwa. Mai kyanwa ko kare shi ma ya kula.

2. Zaɓen wuri

Nan ne rabin aikin yake. Nemi inda rana ta fi daɗewa a gidanka, wato, a nan Turai, gindin bangon da ke fuskantar kudu ko kudu maso yamma. Bulo yana shan zafin rana da yini ya sake shi da dare, ya kuma tare iska mai sanyi, sannan gindin bango ya fi ko'ina saurin bushewa. Awa shida na rana a yini shi ne mafi ƙaranci. Kada ka sa ta ƙarƙashin bishiya, kada kuma ka dasa mata maƙwabta masu faɗin ganye da za su yi wa wuyanta inuwa a watan Yuli. Ni na taɓa shuka kabewa kusa da nawa, ganyenta ya malale a kansu, a shekarar sanduna huɗu kawai na ƙirga inda na saba ganin ashirin da wani abu.

Gwada ƙasar kafin ka yanke shawara. Haƙa rami mai zurfin santimita 30, ka cika shi da ruwa. In bayan awa biyu ko uku ruwa na nan kwance, wurin zai ruɓar maka da albasa da hunturu. Ko dai ka gyara ƙasar, ko ka koma tukunya.

3. Gyaran ƙasa

Yi wannan mako biyu kafin dashe, don ƙasa ta zauna. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tone wurin zurfin cokalin lambu guda, ka tsince saiwar ciyawa tas, musamman masu yaɗo ta ƙarƙashi, domin da zarar sun kutsa cikin curin nerine ba ka da hanyar fitar da su sai ka tone komai.

Ƙasarmu a nan laka ce mai danƙo, irin wadda ke manne wa takalmi. A kan kowace murabba'in mita nakan zuba bokiti biyu na tsakuwa, ɗaya na yashi, rabin bokiti na ruɓaɓɓen ganye, in cakuɗa sosai. Sannan in tattaro ƙasar in yi mata kunya mai tsayin santimita 10 zuwa 15, kamar dai yadda ake yi wa dankali a fadama, don ruwa ya riƙa gangarewa. Mai ƙasar jigawa ya huta, ɗan ruɓaɓɓen ganye kawai zai ƙara. In ba ka sami tsakuwa ba, farfasa tsohon jan bulo ko fasasshiyar tukunyar ƙasa ƙanana-ƙanana, suna yin aikin.

Ban da ɗanyen kashin kaji ko na shanu. Ban da yuriya.

4. Dashe

Afrilu ne lokacin da na fi so, bayan sanyi mai daskarar da ƙasa ya wuce. Daga ƙarshen Maris zuwa farkon Mayu duk ya yi.

Ga kuskuren da ya cinye mini shekara uku. Na saba da dokar da ake bi wajen tulip da dafodil, furannin Turai masu albasa, cewa a binne albasa zurfin tsayinta sau uku, sai na yi wa nerine haka. Kowace shekara ganye ya fito kore shar, ya bushe, shi ke nan. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu, wadda nata ke fure kamar an zuba, ta leƙo ta kan shinge wata rana ta ce in nuna mata inda suke. Na nuna mata ƙasa a shafe. Ta yi dariya ta ce, "Ai kabari ka yi musu. Zo ka ga nawa." Na zagaya na gani: albasunta rabinsu a waje suke, sun hau kan juna kamar an juye buhu, rana na dukansu.

To ga yadda ake yi. Haƙa ɗan rami marar zurfi, ka zuba tsakuwa cikin tafin hannu ɗaya a ƙasansa. Ɗora albasar gindi ƙasa, tsini sama, in tana da saiwa ka baza ta kada ta naɗe. Mayar da ƙasa har ta rufe cikin albasar, amma wuyan, da ɗan kafaɗarta, su tsaya a waje. Danna ƙasar da yatsu ta riƙe ta kada ta yi rawa. Tsakanin kowace da 'yar'uwarta ka bar santimita 10, faɗin tafin hannu ke nan. Suna son cunkoso, kada ka warwatsa su ko'ina cikin lambu. A ƙarshe ka barbaɗa tsakuwa a kewayen wuyan, ka kafa sandar alama, domin da hunturu babu abin da zai nuna maka akwai shuka a wurin, kuma cokalin lambu ba ya tambaya.

Wanda ke wuri mai tsananin sanyi, kamar arewacin Sikotlan ko tsakiyar Jamus, zai iya nutsar da ita har ƙasa mai kaurin santimita 5 ta rufe kanta. Fure zai ɗan ragu, amma albasa za ta tsira. Bayan wasu shekaru ma da kanta za ta turo sama.

Na tukunya: albasa uku a tukunya mai faɗin santimita 20. Haɗa kashi biyu na ƙasar John Innes mai lamba 2, wato haɗaɗɗiyar ƙasar tukunya da ake sayarwa a kanti, da kashi ɗaya na tsakuwa. In babu ita, ƙasar lambu mai kyau kashi biyu, ruɓaɓɓen ganye kashi ɗaya, tsakuwa kashi ɗaya. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, tana numfashi, kuma nauyinta na hana iska kayar da ita lokacin da sanduna suka yi tsawo. Kada ka sa faranti a ƙarƙashi.

5. Ban-ruwa

Ranar dashe ba ta ruwa sau ɗaya, kaɗan, don ƙasa ta kama jikinta. Daga nan ka janye hannu sai ka ga koren toho ya leƙo daga wuya. Albasar da ba ta fitar da sabuwar saiwa ba ba ta iya shan ruwa, zama cikinsa kawai take yi har ta ruɓe.

Ganyen dogo ne mai faɗi kamar ɗamara, ba mai rami irin lawashi ba. Da ya miƙe, wadda ke fili ruwan sama ya ishe ta a yawancin shekaru; sai in an yi mako biyu ko uku ba ruwa za ka shayar da ita sosai sau ɗaya. Ta tukunya kuwa, cusa yatsa cikin ƙasa: in ka ji bushewa har gaɓa ta biyu, zuba ruwa har ya fito ta huji, sannan ka bari ta sake bushewa. Akwai masu cewa a bar bowdenii ta ƙone ƙurmus lokacin zafi. Wannan dokar 'yar'uwarta ce sarniensis. Bowdenii a lokacin zafi take girma, in ka hana ta ruwa gaba ɗaya albasar ramewa za ta yi.

6. Taki

Kaɗan, kuma mai yawan fotasiyam. Takin tumatir na ruwa, rabin ma'aunin da aka rubuta a jikin kwalba, sau ɗaya duk mako uku daga Yuni zuwa Agusta ga na tukunya. Na fili sau biyu a shekara ya wadatar. In babu shi, barbaɗa tokar itace cikin tafin hannu ɗaya a kewayen curi a watan Mayu, amma ba tokar gawayin gashi na kanti ko ta katako mai fenti ba. Takin da naitirojin ya yi masa yawa, irin na ciyawar tsakar gida, zai ba ka ganye mai sheƙi har ka yi ta yaba kanka, Oktoba ta zo ba fure. Garin neman ƙiba a samo rama.

7. Lokacin fure, da dalilin jira

Wajen ƙarshen Agusta ko cikin Satumba za ka ga wani tsini kamar bakin mashi ya fito ta gefen wuya, daban da ganye. Sandar fure ce. Cikin 'yan makonni za ta kai santimita 45 zuwa 60, kanta ya tsage, furanni shida, takwas, wani lokaci fiye, su buɗe a zagaye. Sukan kai har Nuwamba in sanyi bai yi gaggawa ba.

Shekarar farko wataƙila ba za ka ga komai ba, wataƙila har ta biyu. Kada ka tone don ka duba. Furen nerine a cikin albasa yake ƙulluwa tun kusan shekara biyu kafin ya fito, saboda haka abin da ka gani bana sakamakon kulawar bara da bara waccan ne. Duk sanda ka tumɓuke ta ka tsinka saiwa, ɗan furen da ke ciki yakan shanye, lissafi ya koma farko. Abin da na yi ta yi ke nan a shekarun nan uku, ina ɗaukarta daga wannan lungu zuwa wancan wai ina nema mata inda za ta ji daɗi.

Ganye kuma kada ka yanke shi yana kore, ko ya kwanta ya yi muni. Shi ke ciyar da albasa. Sai ya yi rawaya ya saki da kansa in ka ja shi a hankali. Sandar da furenta ya gama ka yanke ta daga tushe, sai fa in kana son iri.

In za ka yanka don ado a ɗaki, yi da safe lokacin da fure ɗaya ko biyu suka buɗe a kan sandar. Ka riƙa sauya ruwa duk kwana biyu, zai kai kwana goma zuwa mako biyu.

8. Hunturu

Bowdenii da ta kafu tana jure sanyi har wajen digiri 10 ƙasa da sifili, wani lokaci fiye, muddin ƙasa ba ta jiƙe sharkaf ba. Sanyi da laima in suka haɗu su ke kisa. A ƙarshen Nuwamba, bayan ganye ya mutu, lulluɓe curin da busasshen ganye, ko haki, ko ɓawon itace, kaurin santimita 5 zuwa 8. Shekara biyun farko wannan dole ne. Ban da leda, tana tara gumi. Farkon Maris ka yaye lulluɓin duka don rana ta sake samun wuya. Mantuwa da wannan daidai yake da binnewa da zurfi.

Tukunya ta fi ƙasa saurin daskarewa, tunda sanyi na shigarta ta ko'ina. Shigar da ita rumfa ko gareji marar ɗumi, ka daina ban-ruwa sai Maris. Kada ka kai ta ɗaki mai hita, tana bukatar sanyin don ta huta. In ba ka da rumfa, jingina ta da bango inda ruwan sama ba ya duka, ka ɗora ta kan bulo biyu, ka naɗe jikin tukunyar da tsohon buhu.

9. Rabawa da shuka iri

Kowace albasa tana haifar 'ya'ya a gefenta, har wuri ya cika su fara hawa kan juna. Wannan ba matsala ba ce, lokacin ma suka fi fure. Sai ka ga fure ya ragu shekara biyu a jere, galibi bayan shekara biyar ko fiye, sannan ka raba. A watan Afrilu, cusa cokalin lambu nesa da curin ka ɗago shi gaba ɗaya. Ɓare shi da hannu gida-gida, kowane kashi albasa huɗu ko biyar manne da juna, kada ka bi su ɗaya-ɗaya. Mayar da su ƙasa a ranar, domin saiwarsu mai tsoka ce, ba ta son shan iska. Ni rabin curi kawai nake taɓawa a shekara, in bar ɗaya rabin, don kada kaka ta zo bango ya zama wayam.

Iri kuwa aikin mai haƙuri ne. Bayan fure za ka ga ƙwayoyi kore masu ruwa, kamar ɗanyen wake. Ba a busar da su, ba a ajiye su. Wasu tun suna kan sanda suke fara tsiro. Da sun fara saki, ɗora su kan ƙasa mai tsakuwa a tukunya, ka ɗan danna su rabi ciki rabi waje, kada ka rufe. Ajiye a taga mai haske inda sanyi ba ya daskarewa, ka bar su cikin tukunyar shekara biyu. Fure sai shekara uku zuwa biyar, kuma ba lallai launinsa ya yi daidai da na uwar ba. Mai son ainihin nau'in 'Isabel' mai duhun ruwan hoda, ko farar 'Alba', sai ta hanyar 'ya'yan albasa.

10. Abokan gaba

Dodon koɗi, da ɗan'uwansa marar ƙoƙo a baya, su ne na farko. Dare ɗaya sukan gaigaye sandar fure tun tana tsini, aikin shekara biyu ya tafi. Daga tsakiyar Agusta nakan fita da tocila bayan Isha in tsince su a bokiti. Tsakuwar da ka barbaɗa tana rage su, ba ta hana su.

Akwai wani ƙuda mai gashi mai kama da ƙaramar zuma da ke yin ƙwai a wuyan albasa wajen Mayu da Yuni, tsutsarsa ta shiga ta cinye ciki. Alamarsa albasa ta lotsa, ganye ya fito siriri ko ya ƙi fitowa. Tone ta ka jefa a shara, ba cikin tarin taki ba. A tukunya kuma ka riƙa duba tsakanin ɓawon wuya, wani farin ƙwaro kamar ɓurɓushin auduga yakan ɓuya a wurin; goge shi da auduga da aka tsoma a sifirit. A Afirka ta Kudu babbar annobar wata tsutsa ce baƙa mai ɗigon rawaya da ke huda ganye ta gangara har cikin albasa, ita ma tsincewa da wuri ne maganinta. Ganyen da ya fito da zane-zanen rawaya a tsaye shekara bayan shekara cutar bairos ce, ba ta da magani, cire shukar kafin ta shafa wa saura.

In sarniensis ce a hannunka

Turawa na kiranta furen Ganzi, da sunan tsibirin da ake nomanta tun ƙarni na 17. Furenta ja ne wur, in rana ta haska shi sai ka ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin zinariya. Lambun Exbury da ke Hamsha a kudancin Ingila yakan baje tarin nasa a watan Oktoba, ya cancanci a je a gani. Ba ta kwana a fili a Ingila. Dasa ta a tukunya a watan Agusta, wuya a waje, ka fara ban-ruwa da ka ga tsinin fure. Ganyenta da hunturu yake girma, don haka tana son haske da wurin da sanyi ba ya sauka ƙasa da digiri 5. Wajen Mayu ganye zai yi rawaya, sai ka ɗauke ruwa, ta yi barcinta a bushe har Agusta.

'Yan'uwa daga Kano da Maraɗi sukan ga hoto su ce in aiko musu. Ba na ba su shawarar haka, domin bowdenii shukar tsauni ce mai bukatar watanni na sanyi, zafin Afrilu na can kuma ya fi ƙarfinta. Albasar kwaɗi da ke fitowa da kanta a fadama da farkon damina danginta ce, furenta fari mai ratsin ja ya ma fi girma. Ita ma wuyanta a waje ake barinsa in za a sa ta a tukunya, amma ta fi nerine son ruwa da damina, sai a ɗauke mata shi da rani.